Rabon Gado a Gabas da Daberam

Ran Talata na ɗana tarkon.
Wayar birkin keke ce, da hannuna na murɗa ta,
na ɗaure a gindin aduwa, can gabas da Daberam,
inda 'yar hanya ke gangarawa mashaya.
Zomo na nufa. Ko gafiya, in rabo ya rantse.

Sai zazzaɓi ya kayar da ni.
Kwana huɗu Tasalla na dafa mini sabara,
ban san gabas ba, balle aduwa.

Da na miƙe, ran Asabar da hantsi,
tun daga nesa hankaki suka ba ni labari.
Barewa ce.
Barewa, a ƙasar da muka daɗe da cewa ta ƙare,
inda kakana Mantau ke rantsuwa
ya taɓa ƙirga arba'in a fadama guda.
Ɗaya ta rage, ta zo ta sa wuya a wayata.

Ba wuƙa, ba bisimilla, ba alƙibla.
Mushe. Ko tsoka ba ni da ita a ciki.
Sai na tsuguna ina karatun ƙasa
kamar mai duba takardar gado.

Ga sawun kura, ita ta zo daren farko,
na gaba manya, na baya ƙanana.
Ba ta yi sallama ba. Ta ciki ta fara,
ta kwashe hanta da huhu,
ta ja cinya guda har bakin kwazazzabo,
ta tauna ƙashi kamar mai shan rake.
Ita ma an ce ta ƙare.
Ashe daji bai gaya mana komai nasa ba.

Bayanta dila, malamin jeji.
Ga inda ya zauna jira, wutsiyarsa ta share rairayi.
Bai yi jayayya da babba ba.
Abin da ya faɗo daga bakinta ya tsinta,
da ta ba da baya ya ƙara da haƙarƙari biyu,
ya tona rami a gindin geza, ya ajiye na gobe.

Gari na wayewa ungulaye suka sauka,
uku kacal. A da, sai su rufe rana.
Hankaka mai farin ƙirji ya ɗauki idanun,
idanun nan da ake yi wa kyawawa kirari da su.
Shirwa ta fizgi hanji ta yi sama.
Yanyawa ta makara, ta lashi ƙasa.

Sa'annan masu ƙaramin kaso:
ƙuda ya kawo iyalinsa,
tsutsa ta tare a ƙoƙon kai,
tururuwa ta ja layi kamar ranar rabon taki,
buzuzu na mirgina abin da tumbi ya zubar.
Ba alƙali, ba shaidu,
ba wanda ya ɗaukaka ƙara.

Mu da Baba ya bar wa gona ɗaya,
shekara tara muna sintiri kotu a Daura.
Har yau ni da Tanimu
in mun haɗu a masallaci, kowa bango yake kallo.

Abin da ya saura: ƙaho biyu, kofato,
fata ta ƙandare kamar tsohon buzu.
Na kwance wayar daga wuyan da babu,
hannuna na rawa, ba rawar zazzaɓi ba.
Na naɗe ta, na jefa cikin ruwan Daberam.

A gida Tasalla ta ce, me tarko ya kama?
Na ce, an yi baƙi. Sun ci, sun tafi.

Da damina ta zauna na koma wurin.
Ciyawar gindin aduwa ta fi ta ko'ina duhu,
ta kai mini gwiwa.
Wata jar akuya na ciki tana kiwo,
da tsagar kunnen da na sani.
Ta Tanimu ce.
Na ɗauki hoge zan jefa,
na tsaya,
na ajiye.